Tarin kare: yadda ake gane na kwana goma da wanda ke kisa

Ga bayanin da aka yi a filin lafiyar dabbobi, mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu saurara ba, ko wanda batir ya mutu masa ana tsakiyar magana. Wannan karon maganar kare ce, da tarin da ke kama shi.

Wani zai ce ana ta shanu da raƙuma, wa ke ta kare? Wanda ya taɓa kwana a mashekari ya san amsa. Kare ne ke jin motsin kura ko na ɓarawo tun kai kana cikin barci. Mai sito a bakin kasuwar Jibiya ko Birnin Ƙonni, da direban da ke kwana a layi yana jiran kwastam ko duwan su buɗe hanya, su ma sun san amfanin haushi a tsakar dare. Malamai kuma sun halatta ajiye kare don kiwo da farauta da tsaron gona. To dabbar da ke yi maka aiki, in ta kwanta, haƙƙinta ne ka duba ta. Ban da wannan ma, akwai ciwon kare guda ɗaya da in ka ɗauke shi a matsayin mura, ranka ne a kan layi, ba na karen kaɗai ba. Za mu zo kansa.

Abu na farko da za ka riƙe: tari ba sunan ciwo ba ne, alama ce kawai. Ƙurar hunturu na sa kare tari. Hayaƙin da ake turara wa shanu da dare don korar sauro na sa shi tari. Igiyar da ta matse masa wuya ma haka. Sannan akwai ƙwayoyin cuta, waɗanda suka kasu gida biyu a nan. Akwai bakteriya, wadda allura da kafso ke kashewa. Akwai kuma bairos, wadda ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tana shiga cikin tsokar hanci da maƙogwaro da huhu ta hayayyafa a can, kuma babu allurar da ke cikin jakarka da za ta taɓa ta. Sau da yawa su biyun tare suke aiki: bairos ta fara ɓarke fatar cikin maƙogwaro, bakteriya ta biyo baya ta kawo ruwan ƙwai da ciwon huhu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bairos ɗin da ke kama numfashin kare sun kai biyar ko fiye, kuma a kwana biyu ukun farko duk fuskarsu ɗaya: atishawa, ruwan hanci, ruwan ido, tari. Likitan da ya fi kowa gogewa ba zai kalli kare a ranar farko ya rantse maka cewa ƙwaya kaza ce ba. Amma kai da ke tare da karen kullum kana da abin da likita ba shi da shi, wato labarin kwanakin da suka wuce. Rabin binciken a bakinka yake.

Tambayoyin da za ka fara yi wa kanka

Shekarar karen nawa? Kwikwiyo ɗan wata uku zuwa shida shi ne ya fi shiga haɗari, domin a daidai lokacin ne garkuwar da ya sha a nonon uwarsa ke ƙarewa. An taɓa yi masa allurar rigakafi, kuma wacce? Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Allurar da ma'aikata ke zagayawa suna yi wa karnuka a gangami, galibi ta ciwon hauka ce kaɗai, ba ta kare shi daga tari ko ɗaya.

Da waɗanne karnuka ya haɗu a mako biyun da suka wuce? Ka tuna mashayar da kuka yi cincirindo da wasu garkunan, ko ranar kasuwar da ya biyo ka, ko fitar farauta ta rani inda ake loda karnukan gari biyar a mota ɗaya. Ga kuma motocin masu fataucin karnuka, waɗanda ke tattaro su daga ƙauyukan arewa har da tsallaken iyaka, a cunkushe cikin keji, su nufi kasuwar Dawaki a jihar Filato. Duk inda irin wannan mota ta yada zango, karnukan wurin na iya kwasa. Cutar a iska take tafiya, daga tari da atishawa, da kuma kaskon ruwa ɗaya.

Karnuka nawa ne suka kamu? In ɗaya ne tak cikin huɗu, kuma mako ya wuce sauran lafiya lau, ka fara zargin wani abu daban. In kuwa yau wannan, jibi wancan, to abu ne mai yaɗuwa.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: wani kare, ko dila, ko wata dabbar da ba ka sani ba ta cije shi a 'yan watannin nan?

Ka duba daga nesa tukuna

Kada ka yi gaggawar kai hannu. Ka tsaya taku uku ka kalla. Ya san ka, yana kaɗa wutsiya? Yana cin abinci? Yana shan ruwa yana haɗiyewa, ko ruwan na zubowa? Bakinsa na rufuwa?

Daga nan ka dubi hanci. Majina ta kafa ɗaya take fitowa ko ta duka biyun? Wannan ƙaramar tambaya tana raba gardama sosai. Bairos ba ta zaɓen kafa, duka biyu take kamawa, har da idanu. Majinar kafa ɗaya, musamman in karen na ta atishawa ba ƙaƙƙautawa yana goga hanci da ƙafa, ta fi kama da tsinken ciyawa da ya shige. Akwai kuma wata tsutsa mai faɗi kamar harshe da ke zama cikin hancin karnukan da ake jefa wa ɗanyen kayan cikin tumaki da awaki, ita ma atishawa da majina mai ɗan jini take kawowa. Haɓo ba tare da tari ba, ga kaska jingim a kunnuwa, ga dasashi ya yi fari, wannan ya fi kusa da ciwon kaska. In kuma kun dawo daga kiwon kudu inda tsando yake, karen ya rame, idonsa ya yi fari kamar an zuba nono, ka tuna sammore ba shanu kaɗai yake kamawa ba.

Sai numfashi. Ka bari ya kwanta da sanyin asuba, ba lokacin da yake haki saboda rana ba. Ka buɗe agogon wayarka ka ƙirga sau nawa haƙarƙarinsa ke tashi a minti ɗaya. Lafiyayyen kare ba ya wuce 30. In ka ƙirga 40 ko fiye yana kwance, ko ka ga cikinsa na taya shi jan numfashi, ko ya ƙi kwanciya ya miƙe wuya yana neman iska, ciwon ya sauka huhu, ba na jira ba ne. Zafin jikin kare kuma ya ɗara na mutum, daga 38 zuwa 39 da 'yan kai a ma'aunin zafi, kuma ta dubura ake aunawa kamar na saniya. Taɓa hanci a ce ya bushe ko ya jiƙe ba awo ba ne.

Tarin da ke wucewa

Mafi yawan tarin da ke yawo tsakanin karnuka mai sauƙi ne. Turawa na kiransa tarin ɗakin karnuka, don a inda aka tara su yake ɓarkewa. Wasu bairos biyu ne suka fi kawo shi, farainfuluwenza da adino, tare da wata bakteriya. Yakan bayyana kwana biyu zuwa goma bayan haɗuwa. Tari ne busasshe mai ƙara, a jejjere, daga ƙarshe karen ya yi kakari ya tofar da farar kumfa. In ya yi gudu ko ka ja igiyar wuyansa sai tarin ya tashi. Amma ka lura: yana ci, yana sha, yana bin garke, idonsa garau. Irin wannan cikin kwana goma zuwa mako biyu yake lafawa da kansa, wani lokaci ya kai mako uku.

Wanda ke kisa

Na biyun shi ne abin tsoro. A gefen Najeriya likitoci na ce masa distemfa. In ka tsallaka Nijar ko Cadi ko Kamaru, a ofishin elbaj za ka ji ana cewa ciwon Carré, sunan wani likitan dabbobi Bafaranshe, Henri Carré, wanda ya nuna a 1905 cewa bairos ce ke kawo shi. Ciwo ɗaya ne, suna biyu. Ka riƙe su duka, don kada a rubuta maka ɗaya a Maraɗi ka je Katsina ka zaci wani abu ne daban.

Dattawan ruga za su fahimci wannan ciwo da sauri in aka ce musu ɗan'uwan bushiya ne. Gida ɗaya suka fito: bushiyar da ta share garkuna a farkon shekarun 1980, wadda aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 2011, da ciwon nan na awaki da tumaki da ake kira PPR, da ƙyandar yara, da distemfa. Shi ya sa tafiyarsu ke kama: zazzaɓi, kwantsa, majina, tari, zawo. Sai dai kowanne da abin hawansa. Distemfa ba ta kama mutum, kuma ba ita ce ke kwantar maka da awaki ba. Tana dai kama dila da kura da zaki. A 1994 ta shiga dajin Serengeti a ƙasar Tanzaniya ta kashe zakuna wajen dubu, kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma masu bincike sun danganta abin da karnukan ƙauyukan da ke kewaye.

Abin da ke bambanta distemfa shi ne hawa-hawa take zuwa, kuma tana yaudara. Kwana uku zuwa shida bayan ƙwayar ta shiga, zazzaɓi ya taso, karen ya yi lakwas kwana ɗaya ko biyu, sai ya warware. Yawanci ba wanda ke lura. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya dawo, wannan karon da ruwan ido da na hanci. Ruwan yakan fara tsararo, sannan ya yi kauri ya koma rawaya ko kore, har kwantsa ta liƙe idanu da safe, majina ta bushe ta toshe hanci. Tarin ya tashi daga busasshe ya koma mai kaki. Karen ya daina ci. Sai amai da zawo su biyo. Wasu kwiyakwiyan za ka ga ƙuraje masu ruwan ƙwai a fatar cikinsu.

Tarin ɗakin karnuka a maƙogwaro yake tsayawa. Distemfa kuwa ido, hanci, ƙirji da ciki take haɗawa a kare ɗaya. In ka ga waɗannan huɗun sun taru a kan ƙaramin karen da ba a yi wa rigakafi ba, kusan ka gama bincike.

Yaudara ta biyu ta fi ta farko ciwo. Karen ya fara ci, majina ta ragu, ka ce alhamdulillahi. Mako ɗaya zuwa uku bayan haka, wani lokaci ma fiye, sai ka ga wata tsoka na fizga ita kaɗai, a ƙafa ko a gefen kai, tif, tif, tif, kamar bugun agogo, ko barci yake ba ta tsayawa. Ko ya riƙa taunar iska kumfa na fita, ko ya yi ta zagaye wuri ɗaya, ko ƙafafun baya su saki, ko ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa ke nan. A wannan mataki ka duba tafin ƙafarsa da kan hancinsa: sukan yi kauri su bushe su tsattsage kamar tsohon takalmin fata. Karnuka da yawa ba sa tsallake wannan, kwiyakwiyai kuwa sun fi mutuwa. Wanda ya rayu yakan zauna da fizgar har tsufa, kuma in yana ƙarami ya yi ciwon, haƙoransa na dindindin kan fito da ramuka da dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa. Mai sayen karen farauta ya riƙa duba wannan.

Inda ake rasa rai

Yanzu ka sake karanta alamomin can na sama: kumfa a baki, taunar iska, ƙafafu sun saki, faɗuwa. Me suka tuna maka? Ciwon haukan kare. Kama da wane ba ta wane, amma a wannan gaɓa ko likita ba ya yarda da idonsa.

Mutane sun ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai nau'i na biyu, mai shiru, kuma shi ne ke shiga rigar ciwon maƙogwaro. Muryar karen ta canja, haushinsa ya dushe. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki ya ƙi rufuwa, miyau na dalala. Yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai shi, saboda tausayi, sai ya buɗe bakin ya zura hannu zai ciro ƙashin. Babu ƙashi. Akwai dai miyau cike da ƙwayar cuta, ga kuma kaushi da tsagar ƙaya a hannun makiyayi. Haka ake yi da saniyar da ta kamu: tana ta kuka, tana dalala, a ce ai ƙwallon mangwaro ne ko leda, a zura hannu har gwiwa.

Don Allah, ɗan'uwa, duk karen da bakinsa ya ƙi rufuwa ko ya kasa haɗiya, kada hannunka ya shiga bakinsa, kada na yaronka ya shiga.

Akwai abubuwan da ke taimakawa wajen rabewa. Distemfa kan fara da makonni na kwantsa da majina da zawo kafin ta taɓa kai. Hauka kuwa yakan zo ba tare da wannan share fage ba, sai dai labarin cizo a baya da canjin hali: mai fara'a ya koma ɓuya, mai tsoro ya koma kusantar mutane. Hauka kuma ba ya jan lokaci, daga bayyanar alamu zuwa mutuwa ba ya wuce kwana goma. Karen da ya yi wata guda ƙafarsa na fizga yana cin tuwonsa, ba hauka ke damunsa ba. Amma wannan sai daga baya ake sani. A ranar farko, ka ɗauke shi a matsayin mai hauka: a killace shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, a kira ma'aikacin dabbobi.

Ba a tabbatar da hauka a jikin kare mai rai. Ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa bayan ya mutu. Saboda haka in ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a farfasa kan, kada kuma kai ka yanke da kanka. Aikin ma'aikata ne masu safar hannu. In ya riga ya ciji wani, ko miyansa ya taɓa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar don allura, ba tare da jiran sakamakon komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ne. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare.

Abin da likita zai yi

In ka kai karen, likita zai sa masa takunkumi, ya auna zafi, ya saurari ƙirji, ya ɗan matsa maƙogwaro ya ji ko tari zai tashi. Ya duba ido da dasashi da tafin ƙafa. In da hali ya ɗebi jini. A farkon distemfa wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa, kuma a jinin ne zai ga ko sammore ne ko ciwon kaska, waɗanda ke da magani. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Sai gwajin gaggawa. Ka san ɗan farin katakon nan na roba da ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi a kemis? Akwai irinsa na distemfa. Ana shafo cikin fatar ido ko hanci da auduga a kan tsinke, a jiƙa a wani ruwa, a ɗiga, a jira kamar minti goma. Layi biyu, akwai ciwo. Layi ɗaya, ba a gani ba. Ka lura da kalmar: ba a gani ba, ba wai babu ba. In ciwon ya daɗe har ya koma ƙwaƙwalwa, ƙwayar na iya barin ido da hanci, gwajin ya fito wanke alhali karen na mutuwa. Kuma zafi na lalata abin gwajin. Wanda ya yi wata uku a rumfar kwano a kasuwar Maigatari ba abin dogaro ba ne.

Gwajin da ya fi kaifi shi ne PCR, wanda jama'a suka san sunansa a lokacin korona, sa'ad da ake zura wa matafiya tsinke a hanci. Haka ake yi wa kare: hanci, maƙogwaro, ido. Shi yana iya gano ƙwaya ko kaɗan ce, ya kuma faɗi sunanta. Amma sai babban ɗakin gwaje-gwaje: cibiyar Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, ko LABOCEL a Yamai, ko LANAVET a Garwa, ko a bi ta asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Likitan yankinku ne zai san wanda ke karɓar irin samfurin a lokacin. Samfurin kuma dole ya yi tafiya cikin kula da ƙanƙara. In ya kwana biyu a aljihun direba, kuɗinka ka zubar.

Shi ma PCR yana da inda yake tuntuɓe, wuri uku. Na ɗaya lokaci: wasu bairos a kwanakin farko suka fi yawa a hanci, in aka makara an rasa su, ko da karen na ci gaba da tari. Don haka in karnuka da yawa ne suka kamu, wanda ya fara jiya za a gwada, ba wanda ya fi galabaita ba. Na biyu, allurar rigakafin distemfa tana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma gwajin na iya cafke ta har 'yan makonni bayan allurar. In an yi wa karenka kwanan nan, ka faɗa. Na uku, ana samun wasu daga cikin ƙwayoyin nan a hancin karnuka masu lafiya, ke nan ganin ƙwaya ba kullum ke nufin ita ce mai laifi ba. Akwai kuma gwajin garkuwar jini, wanda ke nuna ko jiki ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Shi sai an ɗebi jini sau biyu, mako biyu zuwa uku tsakani, a ga ko garkuwar ta ninka. Yana da amfani ga masu bincike, amma ga mai kare ɗaya a daji, kafin amsa ta zo an riga an san inda aka kwana.

A ganina, karen da ke tari yana cin abincinsa bai cancanci wahalar aika samfur Vom ko Yamai ba. Inda gwaji ya zama dole shi ne in karnuka na mutuwa a jere, ko alamun ƙwaƙwalwa sun fito, ko an ciji mutum.

Wata kalma a kan murar infuluwenza, don an tambaya. Karnuka na da tasu. Ɗaya an fara gano ta a 2004 cikin karnukan tsere a jihar Fulorida ta Amurka, kuma daga dawaki ta tsallako, dangin murar nan da ta karkashe jakuna a yankin Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019. Ɗayar daga tsuntsaye ta fito a Asiya, ta ɓulla a birnin Shikago a 2015. A Tailan kuma an taɓa samun karen da ya mutu da murar tsuntsaye bayan ya ci mushen agwagwa. Abin da ya shafe ka a nan ɗaya ne: in annoba ta faɗa wa kaji ko jakuna, a binne mushen da zurfi, kada a bar wa karnuka.

Kafin ka samu likita

Ka ware mai tarin, da kaskonsa daban. Mai sauƙin tari mako biyu zuwa uku ya isa. Wanda ya tashi daga distemfa na iya ci gaba da zubar da ƙwayar har wata biyu ko uku. Sa'ar da muka yi, wannan ƙwaya ba ta jure rana da sabulu. Wanke kasko da ruwan bilic, wanda a Nijar ake ce wa jabel, a shanya a rana, ya wadatar. Ka goge masa ido da hanci da tsumma da ruwan ɗumi, leda a hannunka, domin karen da hancinsa ya toshe ba ya jin ƙanshi, wanda ba ya jin ƙanshi kuma ba ya ci. Ka ba shi abinci mai laushi da romo, ruwa kuma kada ya yanke. Ka cire igiya daga wuya ka ɗaura ta ƙirji, ka nisanta shi da hayaƙi.

Teramaisin ɗin shanu da ke jakarka ba ya kashe bairos. Akwai lokacin da likita zai ba da irin wannan magani saboda bakteriyar da ta biyo baya, amma shi zai zaɓa ya kuma auna da nauyin karen. Awon bijimi ba na kare ba ne. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen da dikilofenak, suna huda cikin kare su lalata ƙoda, farasitamol kuma in ya yi yawa hanta yake ci.

Rigakafin distemfa allura ce mai haɗe da wasu cututtuka, har da adino da farainfuluwenza. A kantin maganin dabbobi na Najeriya za ka ji ana ce mata DHLPP, a gefen Faransanci kuma harafin farko C ne, na sunan Carré. Ana fara ta kwikwiyo na da mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wata huɗu, sannan a ƙara bayan shekara. Ta hauka daban take, daga wata uku. Duka biyun sai sun zauna cikin sanyi tun daga kamfani har jikin kare, don haka kwalbar da aka ciro maka daga aljihu a tasha ruwa ce kawai. Ba a yi wa karen da ya riga ya kwanta. Ka sa likita ya rubuta sunan allurar da kwanan wata a kati, ka haɗa shi da takardun garke da kake nunawa a iyaka. Sabon karen da ka saya ko aka ba ka a hanya kuma, ka ɗaure shi gefe mako biyu kafin ya sha ruwa a kasko ɗaya da naka.